Yaya Inuwa da Filin da Muka Daɓe Masa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsakar gida ina baza shinkafar da na turara, hantsi bai gama ɗagowa ba, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida ba a kashe shi ba. Nasiru ne, babban ɗan yayana. Ya tsaya a bakin zaure, ƙafafunsa duk taɓon gona, ya ce, "Gwaggo, Baba ya rasu." Na ce wane Baban, alhali na san uba ɗaya gare shi. Ya ce ya dawo daga masallaci ya zauna a kan buzunsa, ya ce kansa na sarawa, kafin a samo motar da za ta kai shi Kura rai ya yi halinsa. Na bar shinkafar ga kaji, na ɗauki mayafi na hau bayansa.

Malam Inuwa yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana koyarwa a firamare a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, da ya yi ritaya ya koma gonar noman rani da ya gada a bakin kanal. Ni karatun allo na yi, na sauke, na ɗan taɓa littattafai a wurin mahaifinmu. Bokon da nake rubuta wannan da shi, shi ya koya mini bayan na yi aure na haihu, da tsinke a ƙasa, bai taɓa yi mini dariya ba ko da na juya harafi baya.

Ni ba mai yawan magana ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da na ji a zaman makoki. Muna ciki mu mata, maza suna ƙofar gida, katangar kuwa gajera ce. Na ji muryar Alhaji Ɗanlami, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta marigayi, yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam Inuwa. Ya huta da ƙwallon Indiyawa, ita ma ta huta da shi." Aka yi dariya. A gidan mutuwa, ƙasar kabari ba ta bushe ba. Bai ko bari dariyar ta lafa ba ya ƙara da cewa, "Nasiru, wannan filin da babanku ya bari ba noma, in an share makoki sai mu yi magana. Albasa za ta yi kyau a wurin." Tun daga ranar na san in ban yi magana ba, garma za ta bi ta kan filin nan, kuma abin da za a riƙa tunawa da yayana ke nan: wani malami mai wauta da ya bar ƙasa mai kyau ba shuka.

Ƙwallon da suke kira ta Indiyawa sunanta kurket. Yaya ya koye ta a kwalejin horon malamai, a hannun wani malaminsu mutumin Pakistan. Yadda na fahimce ta, ana kafa sanduna uku a ƙasa, mutum ɗaya ya tsaya yana tsare su da katako mai faɗi, kamar allon karatu da aka ƙara wa tsawo. Wani ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri, ta daki ƙasa ta tashi, yana neman ya kayar da sandunan. Lissafinta dai har ya rasu ban gane shi ba. Abin da na gane shi ne ƙasarmu tana da ƙungiyarta da ke fita waje da sunanmu, kuma ƙungiyar nan ta cinye wa yayana rai.

Ba a saka wasan a rediyoyinmu na gida. Sai ya kama tashoshin waje ya manna kunne, a yi ta maganar wasu ƙasashe, da ƙyar a ambaci tamu, in an ambata kuwa ba da alheri ba. Da aka buɗe shagunan intanet a Kano, sai ya riƙa bin motar tumatir zuwa birni don kawai ya ga yadda aka tashi. Daga yadda ya ajiye takalmansa a ƙofar ɗakina nake gane labarin.

"Malama," haka yake kirana don tsokana, "an sake cinye su."

"To Yaya, ai wasa ne, dole wani ya ci wani."

"Ba faɗuwar ke cina ba, yadda suke faɗuwar. Mutum ya tsaya a gaban sanduna kamar wanda ya bar tukunya a wuta! Ba haƙuri, ba natsuwa. Ƙwallo ta farko ya ɗaga ta sama, a cafe, ya juya ya tafi yana gyara hula."

Ya kan ce, "Ƙasa mai mutane kamar yashin kogi, a ce an rasa sha ɗaya masu iya tsayuwa a rana?" Ya kan ce kuma, "Ba su nema ba ne. A birni biyu uku suke zagayawa, 'ya'yan waɗanda suka sani, su ne jiya su ne yau."

In abin ya kai shi bango sai ya yi rantsuwa. Ya zo da rediyon a hannu ya dire mini. "Wallahi na bar su. Ɓoye ta, kada ki ba ni ko na roƙe ki." Ba a daɗewa sai ga shi yana sosa ƙeya, wai yana son jin labaran duniya. Ni kuwa ba na wasa da rantsuwa. Na ce, "Yaya, ka ambaci sunan Allah. Rediyonka na nan, amma sai ka yi kaffara." Ba ya musu. Ya kawo shinkafa, in auna ta miskinai goma da hannuna, a rarraba, sannan in miƙa masa rediyo. An yi haka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har wata tsohuwa makauniya a unguwarmu ta riƙa tambayata, "Yaushe 'yan ƙwallon Malam za su sake faɗuwa?" Da na gaya masa ya yi dariya har da hawaye, ya ce to ko ba komai suna da amfanin da suke yi wa ƙasa.

Yayana ba mai ƙorafi a zaune ba ne. Wata shekara lokacin da shinkafa ta fara nuna, ya tsaya a kan kanal yana kallon samarin da ke korar tsuntsayen jan-baki daga gonaki, tun safe suna jifa da hoge har rana ta faɗi, hannu bai gaji ba. Ya zo mini da sauri ya ce, "Malama, na ga masu jifan da ƙasar nan take nema. Suna nan suna korar tsuntsaye." Ya ce masu tsare sanduna ma akwai su, don duk wanda ya iya zama a bakin gona yana jiran a sako masa ruwa, ba ya gaggawa, ya iya rabin wasan.

Sai ya yanki wani dogon fili daga gonarsa, daga ɓangaren da ya fi ba da tumatir, ya ce a nan za a yi. Mutane suka ce ritaya ta taɓa shi. Matsalar ita ce wurin da ƙwallo ke sauka dole ya yi tauri, ya yi sumul, in ba haka ba ta karkace ta fasa wa mutum baki. Ya sa samari suka tattake, rana ta buga ya tsattsage. Ya gangara ganga cike da ruwa a kai, bai yi ba. Rannan ya shigo ɗakina ya zauna, ya yi ta shafa ƙasan ɗakin da tafin hannu, ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Daɓe ne mana, Yaya. Mu muka yi."

"Shekara nawa bai fashe ba?"

"Tun kafin a haifi autana."

Ya ce, "To shi nake so. A gona."

Na ce ya ɗan ba ni lokaci. Na duba abin da na sani, na tambayi na gaba da ni. Gudu da jifa ba haramun ba ne in ba caca, ba tsiraici, ba a bar salla ba. Na kafa masa sharuɗɗa: ba za a sa ko goro a kan wasan ba, da an yi kiran salla za a tsaya, kuma ranar da mata za su yi aiki ba namijin da zai kusanci wurin. Ya ce ya ji ya karɓa. Ina shaida a gaban Allah bai taɓa karya ko ɗaya ba. Ko ƙwallo tana hannun mai jifa, ladan na ɗaga murya yake tuge sandunan da kansa.

Na tara dattawan matan da suka iya daɓe. Aka kawo jar ƙasa da ƙasar suri, muka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ke sa ƙasa ta kame. Muka jeru a durƙushe da madaɓai, ana yayyafawa ana bugawa, tsofaffi na waƙa ni ina salati. Iya Hansai, wadda ta fi mu shekaru, ta ce, "Na daɓe ɗakin amare ba iyaka, yau ga ni ina daɓe ɗakin da ba bango ba rufi. Inuwa, aljana za ka auro?" Da wurin ya bushe, ya yi baƙi-baƙi yana sheƙi. Yaya ya zo ya saki ƙwallo ta tashi ta dawo hannunsa. Ya juya baya, ya daɗe bai juyo ba.

Ku da kuka yi dariya, ga abin da ba ku faɗa ba. Daɓen yana son yayyafi lokaci lokaci, kuma yayana bai taɓa jan ruwa ranar da ba tasa ba. Daga rabonsa yake ɗiba, ya bar fangalin tumatirinsa na ƙarshe da ƙishi. Da shanun Fulanin da ke zaune a bayan gari suka taka wurin, bai kai ƙara ba. Ya je rugar da kansa, ya ce su riƙa kwashe bambaron shinkafarsa kyauta, su dai kewaya da shanu. A can ya ga Buba, wani makiyayi dogo, yana kaɗe 'ya'yan goriba da sandarsa. Ya jawo shi. Buba ya zama wanda samarin garin nan duka suke jifa tun La'asar har Magariba ba su taɓa sandunansa ba. Yaya ya ce, "Wannan da zai sa rigar ƙasa, da na daina kaffara."

Daga nan ya fara yawon neman a zo a gani. Ya je Kano, ya je Kaduna, har kudu ya je a bayan motar albasa. A ƙarshe aka ce wasu mutum biyu daga cikin masu zaɓar 'yan wasa za su biyo ta wajenmu a kan hanyarsu. Gari ya ɗauka. Waɗanda ke ce masa mai wauta su ne a gaba wajen shiri, tunda an ce manya za su zo. Ni aka ɗora wa girki, muka kafa tukwane a bayan zana, kusa da filin, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Yaya ya tafi bakin titin Kura da sassafe yana jiran baƙi. A bayansa Alhaji Ɗanlami ya zo da rumfar haya da kujeru. Ya duba gabas ya duba yamma, ko'ina fangali ne da taɓo, sai wuri ɗaya mai tsabta, mai santsi kamar tsakar ɗaki. Ya sa aka kawo diga. Na leƙo na ce, "Alhaji, a nan ake wasan fa!" Ya ce, "To Malama, ina za mu ajiye manyan baƙi, a cikin albasa? Yara sa yi wasansu a gefe." Samarin suka yi magana aka ce ba su da kunya. Aka haƙa ramuka a kan daɓen aka kafa ƙarafa, aka jera kujeru, aka shimfiɗa darduma. A ganinsu karamci suka yi, a garinmu ba a zaunar da baƙo a kan turɓaya alhali ga daɓe.

Sai bayan Azahar motar ta iso, Yaya na ciki. Da ya fito ya ga rumfar, hularsa kawai ya cire ya mayar. Baƙi suka zauna, suka ci shinkafa da kaji, suka sha fura. Buba na tsaye a rana da katakonsa, masu jifa a bayansa, sun sa fararen riguna da Yaya ya ɗinka musu. Da aka kwashe kwanuka Yaya ya durƙusa a gaban wanda ke jin Hausa a cikin baƙin, dattijo da furfurarsa a gaban sa'an ɗansa.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga kujerun nan a gwada yaran."

Mutumin ya dubi ƙasa ya ce, "Malam, ai filin ya lalace. Ba a wasa a kan ramuka."

"Ramukan na yau ne, ranka ya daɗe. Can ƙarshen lafiyarsa ƙalau. Jifa shida kawai, ku ga hannunsu."

"Hanya da nisa, Malam. Ka turo su can wurinmu in an buɗe gwaji, za a duba."

"Yaushe ake buɗewa?"

"Za ka ji."

Aka sa musu buhun shinkafa da kwandon tumatir a bayan mota, suka ɗaga hannu suka tafi. Ko ƙwallo ɗaya ba a jefa ba.

Alhaji Ɗanlami ina iya yi masa uzuri a kan rumfa, bai san abin da ya fasa ba. Amma waɗancan biyun sun sani. Sana'arsu ce. Sun zauna a kan daɓen, takalmansu sun taɓa shi, sun san abin da ke ƙarƙashin kujerunsu ba a banza ya yi wannan taurin ba. Ko tambaya ba su yi ba, wa ya yi, da me aka yi. Sun sami lokacin cin kaza, ba su sami na jifa shida ba. Kuna fita ƙasashen mutane da sunanmu ana cinye ku, ku dawo ku ce ba kayan aiki, ba masu sha'awa. Ga mai sha'awa ya durƙusa muku a gaban garinsu, kun duba agogo. Ina gudun shiga haƙƙin mutum, shi ya sa ban kama suna ba, amma na faɗa kuma ba zan janye ba: ba ku kyauta ba.

Mun sake daɓe wurin. Buba daga baya ya bi shanu kudu, ba a taɓa kiran gwajin da aka ce za a ji ba. Na ɗauka Yaya zai bar su wannan karon da gaske. Ina! Rantsuwar ce kawai ya daina. Na ce masa, "Bayan abin da suka yi maka?" Ya ce, "Malama, ƙungiyar ba tasu ba ce, riƙo aka ba su. Tawa ce." Nasiru ya gaya mini ana jibi zai rasu ya je Kano duba yadda aka tashi, ya dawo bai ci tuwon dare ba. Wasu sun kama wannan suna cewa baƙin cikin ƙwallo ne ya kashe shi. Ku ji tsoron Allah. Hawan jini gare shi da daɗewa, kuma ajali ba ya neman dalili a wurin kowa.

Da aka zo rabon gado, Nasiru ya same ni shi da ƙannensa. Ya ce, "Gwaggo, ke ce kika fi kusa da shi. Ya bar wasiyya a kan filin nan?" Duk suka zuba mini ido. Na san duk abin da na ce za su karɓa. Na ce, "Bai bari ba. Bai ce waƙafi ne ba, bai ce a bar shi ba. Ƙasarku ce, ni ko taki ɗaya ba ni da shi a ciki, 'yar'uwa ba ta gado in akwai ɗa namiji." Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce, "To Gwaggo, mu da yawa ne, gonar kuwa kin san girmanta. Ba za mu iya barin wuri ba shuka ba." Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba.

Na ce, "To ku ba ni shi musanya. Ku yanki daidai shi daga gonata ta gadon mahaifinmu, ta bakin kanal."

Ƙaninsa ya ce, "Gwaggo, taki fa ita ke fara shan ruwa. Ke ce da asara."

Na ce na sani.

Nasiru ya ce, "Ke da ko lissafin wasan ba ki iya ba?"

Na ce, "Ban iya ba. Daɓen na iya."

Aka kira liman da shaidu, aka auna, aka ƙulla. Na ce a gabansu na bar shi waƙafi ga samarin garin nan, da sharuɗɗan da marigayi ya riƙe. Alhaji Ɗanlami ya aiko a gaya mini wai ashe abin a jini yake. Na ce a gaishe shi, a ce ya nemi wa albasarsa wani wuri. Ban san iya shekarun da filin zai yi ba. Duk bayan damina sai an sake bugunsa, Iya Hansai ta rasu, 'yan matan yanzu siminti suka sani. Na fara koya wa matan Nasiru da 'ya'yana riƙon madaɓi, suna ƙorafin ciwon baya, suna yi.

Ya Allah, ga bawanka Inuwa ya zo maka. Ka san bai ci ruwan wani ba, bai bar salla don wasa ba, bai kwana da rantsuwa a wuyansa ba. Ka gafarta masa zafin zuciyarsa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Waɗanda aka ba riƙon abin da yake ƙauna, ka sa su ji nauyinsa, ko ka musanya su da waɗanda za su ji. Matarsa Binta, ka sanyaya mata zuciya. Nasiru da ƙannensa, ka haɗa kansu, ka sa albarka a gonarsu da zuriyarsu. Mu da muka saura, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.